Me ya sa caji ke yin nawa bayan kashi 80? Yadda ake karanta giraf ɗin saurin canji

Duk wanda ya taɓa jona waya a caji tana da sauran kashi 10 ya san yadda abin yake. A rabin awa na farko lambar tana gudu, kafin a ankara ta kusa kashi 50 ko ta wuce. Amma da zarar ta haura 80 sai ka ce an ɗaure mata ƙafa, daga 95 zuwa 100 kuwa har mutum ya fara zargin caja ko kebul. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone yana cika da sauri har zuwa wajen kashi 80, daga nan sai ya koma shan wuta a hankali. Sauran wayoyi masu batirin litiyom ma haka suke.

Batirin bai daina cika ba. Kowane minti yana ƙaruwa, sai dai ƙarin da minti na yanzu ya kawo bai kai na mintin da ya wuce ba. Masu lissafin kalkulas suna da suna ga wannan hali: abu yana hawa, amma lanƙwasarsa ta kalli ƙasa. Tambaya ce da ɗalibai ke yawan cin karo da ita, musamman a jarrabawar AP Calculus ta Amurka da kuma darussan lissafi na shekarar farko a jami'a. A ba ɗalibi zanen saurin canji kaɗai, a ɓoye masa zanen ainihin abin, sannan a ce ya nuna inda abin ke hawa kuma yake lanƙwashe ƙasa. Da yawa suna faɗuwa a nan duk da sun haddace ƙa'idoji, don sukan manta wane zane ne a gabansu.

Zane biyu ne, ba ɗaya ba

Giraf zane ne mai layi biyu da suka gitta juna, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. A misalin waya, layin kwance shi ne lokaci, layin tsaye kuma yawan cajin da ke cikin batir. Wannan dangantaka, wato kowane lokaci da adadin cajinsa, ita ake kira fankishin, ana kuma yi mata laƙabi da harafin f.

Akwai zane na biyu da ake iya fitarwa daga na farko. Maimakon a tambayi nawa ne a cikin batir yanzu, sai a tambayi da wane sauri yake shiga yanzu. Amsar ita ce diribatif, wato saurin canji, ana rubuta shi f′, da ɗan karan nan a sama. Isaac Newton da Gottfried Leibniz ne suka kafa wannan lissafi a ƙarni na 17, kowa ta hanyarsa, Leibniz ya buga nasa a 1684. Ɗan karan kuwa daga baya ya zo, Joseph-Louis Lagrange ne ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18.

A batir, saurin canji abu ne da ake aunawa kai tsaye. Shi ne kwararar wutar da ke shiga, wadda ake ƙidayawa da amfiya ko miliamfiya. Manhajoji irin su Ampere da AccuBattery a wayoyin Android suna nuna wannan lamba yayin da waya ke caji. Idan batir mai ɗaukar miliamfiya-awa 5,000 yana shan miliamfiya 3,000 ba tare da sauyi ba, a minti 20 zai ƙara miliamfiya-awa 1,000, kashi 20 ke nan na cikinsa. Saboda haka lambar kashi da ke saman fuskar waya tana ba da labarin f, lambar miliamfiya kuma tana ba da labarin f′. Kamar mota ce: mitar nisa tana faɗin kilomita nawa aka ci, allurar gudu tana faɗin saurin da ake yi a wannan daƙiƙa.

Tambayoyi biyu ake yi wa zanen f′

Ta farko: layin yana sama da sifili ne ko yana ƙasa? Duk inda zanen f′ yake saman layin kwance, saurin canji tabbatacce ne, to f tana hawa. Duk inda ya nutse ƙasa da layin, f tana sauka. Ba ruwan wannan tambaya da inda layin ya dosa. Ko gangarowa yake yi kamar an jefo shi daga bene, muddin bai taɓa sifili ba, f tana ci gaba da ƙaruwa. Wuta miliamfiya 300 ba ta kai 3,000 ba, amma shiga take yi, ba fita ba.

Ta biyu: layin hawa yake yi ko gangara? Wannan ita ke bayyana lanƙwasar f. Idan f′ yana hawa, saurin yana ƙaruwa, zanen f yana lanƙwasa sama kamar ƙwarya da aka ajiye bakinta a buɗe. Idan f′ yana gangarowa, saurin yana raguwa, zanen f yana lanƙwasa ƙasa kamar ƙwaryar da aka kife. Ita ma wannan tambaya ba ruwanta da ta farko. Layi zai iya zama ƙasa da sifili yana hawa, zai iya zama sama da sifili yana gangarowa.

Kifaffiyar ƙwarya tana da amfani a nan fiye da yadda ake zato. Tururuwa da ta fara hawanta daga gefe, da farko hawan a tsaye yake, da ƙyar take kama jikinta. Tana ƙara sama hawan yana kwantawa, har ta isa tsakiya inda babu hawa babu sauka. Wannan rabin tafiyar, daga gefe zuwa tsakiya, shi ne hawa tare da lanƙwasa ƙasa. In ta wuce tsakiya ta fara sauka ta ɗaya gefen, lanƙwasar ba ta sauya ba, har yanzu kifaffiyar ƙwarya ce, amma yanzu sauka ake yi. Ke nan lanƙwasa ƙasa ba ya nufin sauka, kuma a nan ne rikicin mutane da yawa yake farawa.

To wurin da ake nema a zanen f′ shi ne inda sharaɗin biyu suka haɗu: layin yana sama da sifili, kuma yana gangarowa.

Misali da lambobi

A ɗauki saurin canji mai wannan siffa: f′(x) = 12x − 3x², daga x = 0 zuwa x = 5. Idan aka saka lambobi ɗaya bayan ɗaya, a 0 ana samun 0, a 1 ana samun 9, a 2 ana samun 12, a 3 ya dawo 9, a 4 ya koma 0, a 5 kuma ya nutse zuwa −15. Zanensa tudu ne: ya tashi daga sifili, ya kai ƙololuwa a 2, ya gangaro ya tsallaka layin kwance a 4.

Tambaya ta farko ta ce f tana hawa daga 0 zuwa 4, domin a nan ne layin yake saman sifili. Ta biyu ta ce f tana lanƙwashe sama daga 0 zuwa 2, tana lanƙwashe ƙasa daga 2 zuwa 5. Inda hawa da lanƙwasa ƙasa suka haɗu shi ne tsakanin 2 da 4. Amsar ke nan, kuma an same ta ba tare da an ga zanen f ba.

Ana iya tabbatarwa. Fankishin ɗin da ke da wannan saurin canji, idan ta fara daga sifili, ita ce f(x) = 6x² − x³. Lambobinta daga 0 zuwa 5 su ne 0, 5, 16, 27, 32, 25. Tsakanin 2 da 3 ta ƙaru da 11, tsakanin 3 da 4 ta ƙaru da 5 kacal. Ƙaruwa dai ce, amma tana ƙanƙancewa. Bayan 4 sai ta fara zubewa, daga 32 zuwa 25.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kalli ƙololuwar tudun nan a x = 2 a ce a nan f ta kai matuƙa. Ido ne ke yaudarar mutum, ya ga wuri mafi tsayi a takarda ya ɗauka shi ne mafi girma. A x = 2 f tana kan 16 ne kawai, rabin inda za ta kai. Abin da ya kai matuƙa a wurin shi ne saurinta. Wurin ana kiransa majuyar lanƙwasa, domin a nan ne buɗaɗɗiyar ƙwarya ta koma kifaffiya. Ita f ba ta kai ƙololuwarta ba sai a x = 4, inda zanen f′ ya tsallaka sifili daga sama zuwa ƙasa, wurin da a takarda ba ya ɗaukar ido ko kaɗan.

Akwai tarko na biyu da ya fi wannan dabara. Ɗalibi ya ga tudun f′ da kansa yana kama da kifaffiyar ƙwarya tun daga 0 har 5, sai ya ce ai f a lanƙwashe take ƙasa ko'ina. Lanƙwasar zanen f′ labarin wani mataki ne na gaba, ba ta faɗin komai game da lanƙwasar f. Abin dubawa kawai shi ne ko layin hawa yake ko gangara. Sannan taɓa sifili daban, tsallaka shi daban. Zanen 3x² yana saukowa ya taɓa sifili ya koma sama, ita kuwa x³ da ta haife shi ba ta taɓa daina hawa ba, ɗan numfasawa kawai ta yi.

Abin da ke faruwa a cikin batir

Batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991 kuma aikinsa ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, ana cajinsa ne a mataki biyu. A mataki na farko, na'urar da ke kula da caji a cikin waya tana riƙe kwararar wuta a adadi ɗaya, ƙarfin turin batir, wato boltej, yana ta hawa. A zanen f′ wannan layi ne shimfiɗaɗɗe can sama da sifili. Tunda ba ya hawa ba ya gangara, zanen f miƙaƙƙen layi ne mai hawa, babu lanƙwasa ko ta ina.

Sai boltej ya kai iyakar da aka yanka masa. A batura da yawa iyakar bolt 4.2 ce, na wayoyin zamani sukan ɗan haura haka. Wuce wannan iyaka yana lalata batir, yana iya sa ƙarfen litiyom ya taru a inda bai kamata ba, ya jawo kumburi ko zafi mai haɗari. Don haka na'urar sai ta sauya dabara: ta riƙe boltej a wuri ɗaya, ta bar kwararar wuta tana raguwa da kanta yayin da batir ke cika. Zanen f′ ya fara gangarowa, da sauri da farko, daga baya a hankali, yana kusantar sifili. Yana sama da sifili, yana gangarowa. Sharaɗin biyu sun cika, batir yana hawa yana lanƙwashe ƙasa, mai waya kuma yana tsaki. Idan kwararar ta ragu zuwa wani ɗan adadi, na'urar ta yanke caji.

A wayoyi masu saurin caji abin bai kai haka santsi ba. Suna fara shan wuta da ƙarfi, sannan su rage ta mataki-mataki gwargwadon cikar batir da zafinsa, shi ya sa zanen f′ nasu yake kama da matattakalar bene da ake saukowa. Wat 33 ko 45 ko 65 da aka rubuta a jikin kwali ƙololuwar zanen ce, ba tsayinsa daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma waya ba ta daɗewa a wannan ƙololuwa, balle a ɗaki mai zafi a watan Afrilu. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke son tallar minti nawa waya ke ɗauka ta kai kashi 50, masu motocin lantarki kuma su ce daga kashi 10 zuwa 80. Ba ƙarya suke yi ba, amma sun zaɓi ɓangaren zanen da ya fi yi musu kyau. Mai son kwatanta wayoyi biyu da gaskiya ya nemi lokacin cika gaba ɗaya ma, don waya mai babbar ƙololuwa da ke faɗowa da wuri tana iya ƙarewa kusan tare da wadda ba ta da kurin lamba amma ta riƙe saurinta.

Wannan karatu yana da amfani a gidan da wuta ke zuwa awa ɗaya ta ɗauke. A ce waya biyu, caja ɗaya, ɗaya tana kashi 82 ɗaya tana kashi 15. Minti 20 a jikin ta farko a ɓangaren gangarar f′ za su ƙare, inda kowane minti ke kawo ɗan kaɗan. Minti 20 ɗin nan a jikin ta biyu suna faɗawa ne inda f′ yake can sama. Jimillar cajin da gidan zai samu ya fi yawa idan aka ba mai yunwa, kuma aka cire kowace waya da zarar ta shiga yankin nawa maimakon a jira ta cika fal. Haka lissafin yake ga mai biyan kuɗi a shagon caji yana sauri, ko mai tayar da janareta don caji kawai. Batirin ma ya fi son haka, zama a kashi 100 na dogon lokaci yana tsufar da shi, shi ya sa Apple ya sa tsarin da ke dakatar da caji a kashi 80 tun daga iOS 13 a 2019, wasu wayoyin Samsung ma suna da makamancinsa.

Abu ɗaya da zanen f′ ba zai taɓa faɗa ba shi ne inda f take. Wanda aka nuna wa zanen kwararar wuta kaɗai zai iya cewa batir ya ƙaru, zai ma iya lissafa da nawa ya ƙaru ta hanyar auna filin da ke ƙarƙashin layin, amma ba zai san daga kashi nawa aka fara ba sai an gaya masa. A misalin lambobi na sama, da f ta fara daga 100 maimakon sifili, zanen f′ ba zai sauya ko da ɗigo ba.

Inda ake cin karo da shi ba a sani ba

Yawancin zanukan da manhajoji ke nuna wa mutane na saurin canji ne, ba na jimilla ba. Mai tashar YouTube da ya buɗe YouTube Studio ya ga yawan masu kallo na kowace rana, f′ yake kallo. Bidiyo ya samu mutum 4,000 ranar farko, 2,500 rana ta biyu, 1,200 rana ta uku, layi yana gangarowa, hankalinsa ya tashi. Jimillar masu kallo kuwa hawa take, ta kai 7,700, kuma ba yadda za a yi ta ragu tunda ba a kallon bidiyo a mayar. Abin da gangarar ke gaya masa shi ne bidiyon ya wuce majuyar lanƙwasarsa, jimilla ta fara kwantawa.

Kamfanin Netflix ya bi wannan hanya a bainar jama'a. A 2020, lokacin kullen korona, ya ƙara masu biyan kuɗi sama da miliyan 36. A 2021 ya ƙara kimanin miliyan 18. Jimilla ta tashi daga wajen miliyan 204 zuwa wajen miliyan 222, ba a taɓa samun yawan haka ba a tarihinsa, amma ƙarin ya ragu da rabi. Hawa ke nan tare da lanƙwasa ƙasa. A watan Afrilun 2022 kamfanin ya sanar da cewa ya yi asarar masu biya kimanin 200,000 a watanni ukun farko na shekarar, karo na farko cikin fiye da shekara goma, farashin hannun jarinsa ya faɗi warwas. A wannan zangon ne f′ ya tsallaka sifili. Wanda ke kallon jimilla kaɗai abin ya zo masa ba zato, wanda ke kallon ƙarin kowace shekara ya daɗe da ganin layin yana gangarowa. Sai dai gangara ba alkawarin faɗuwa ba ce. Layin f′ yana iya tsallaka sifili kamar na Netflix a lokacin, yana iya kusantarsa ba tare da ya tsallaka ba kamar na batir, yana iya juyawa ya sake hawa, kamar yadda na Netflix ɗin ya yi kafin shekarar ta ƙare.

Irin wannan ruɗani ne ke tasowa duk lokacin da hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta sauka, mutane su je kasuwa su tarar kaya sun ƙara tsada, su ce an yi musu ƙarya. Saurin tashin ne ya ragu. Farashi ba zai sauko ba sai lambar ta koma ƙasa da sifili.

Gwaji a waya

Manhajar Desmos kyauta ce, tana nan a Android da iPhone, ana kuma buɗe ta a burauza. A layin farko a rubuta f(x) = 6x^2 − x^3, a layi na biyu a rubuta f′(x), za ta zana su biyun da launi daban-daban a fili ɗaya. A layi na uku a rubuta f″(x), da kara biyu, wato saurin canjin shi kansa saurin canji. Zai fito miƙaƙƙen layi, 12 − 6x, da ke tsallaka sifili daidai a x = 2, ƙarƙashin ƙololuwar tudun f′. Duk inda wannan layi na uku yake ƙasa da sifili, a nan f′ ke gangara, a nan f ke lanƙwashe ƙasa. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, ita ma tana yin wannan aiki.

Hanyar da ta fi koyarwa ita ce a danna da'irar launin da ke gefen layin farko a ɓoye zanen f, a bar f′ shi kaɗai. Sai mutum ya ɗauki takarda ya rubuta inda yake ganin f ke hawa, da inda take lanƙwashe ƙasa, da inda biyun suka haɗu, sannan ya dawo da zanen ya duba. A sauya lambobin a sake. Wanda kuma ke son na gaske ya jona wayarsa tana ƙasa da kashi 20, ya rubuta lambar kashi duk bayan minti biyar har ta cika, sannan ya cire kowace lamba daga wadda ta biyo ta. Jerin bambancin da zai samu shi ne f′ na wayarsa. Ba zai fito sumul ba, don kashin da waya ke nunawa kiyasi ne, kuma kunna fuska kowane lokaci yana cin wuta, amma za a ga inda lambobin suka fara ƙanƙancewa, kuma daga wannan minti ne cajin wayar ya shiga hawa mai lanƙwasa ƙasa.